Ciwon da Ido Ba Ya Gani: Haƙƙin Majinyaci a Kan Ɗalibin Likita



Akwai wata cuta da likitoci ke kira fibiromiyaljiya. Mai ita yakan kwana ya tashi da ciwo a ko'ina cikin jikinsa wata da watanni, ga gajiya, ga rashin barci mai daɗi, ga yawan mantuwa. Ta fi kama mata. Amma in an auna jini ko an ɗauki hoton ƙashi, ba a ganin alamarta. Masana sun fi karkata ga cewa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ninka raɗaɗin fiye da kima. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta tsara ƙa'idar gane ta: a danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi zafi, ita ce. A 2010 aka sake ƙa'idar, aka koma dogaro da bayanin majinyaci kansa.

To, a nan tambayarmu take: shin ya halatta a tuhumi mutum da ƙarya don na'ura ba ta shaide shi ba?

A ƙasar Norwe an nemi likitoci da ɗaliban shekarar ƙarshe su jera cututtuka 38 bisa darajarsu a idon ma'aikatan lafiya. A sakamakon da aka buga a 2008, bugun zuciya da sankarar jini suna sama, fibiromiyaljiya tana can ƙasa. Abin lura shi ne, jerin ɗalibai ya yi kusa ƙwarai da na manyansu. Babu littafin da ya koyar da su wannan. A ɗakin majinyata suka ɗauke shi: daga yatsinar malami, da gajeren lokacin da ya ba wannan mata, da dogon bayanin da ya yi a kan waccan cuta da hoto ya nuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu ce likita ya bar bincike ba, domin bincike amana ne, kuma wata cutar takan ɓuya a bayan wata. Sai dai rashin ganin abu ba hujja ba ne a kan rashinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka ƙaryata yana ɗauke da ciwo biyu, na jiki da na zuciya, kuma yakan daina zuwa asibiti, alhali motsa jiki a hankali da gyaran barci da wasu magunguna suna kawo sauƙi.

Mu ma mu binciki kanmu. Ƴaƴanmu da ke karatun likita a Yamai daga gidajenmu suka fito. In sun ji muna kiran matar da ke kukan ciwon jiki ragguwa ko mai shagwaɓa, darasinsu na farko ke nan. Mu koya masu kyautata zato da sauraro tun kafin su riƙe allura.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa tausayi a zukatan masu yi masu magani. Amin.