Baƙo da Gonar Aro

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan kwana a kan ganye, hantsi ya yi ta bushe. To, idan haka ne, me zai sa baƙo ya wahala wajen gyara ƙasar da ɗansa ba zai gāda ba? Me kuma zai sa mai ƙasa ya ɗauke shi maƙwabci? Tarihin Zongon Kumasi, wanda ke kusa da Adum a tsakiyar birnin, ya isa a auna wannan tambaya da shi.

Goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Tonawa, wato Asante. Dā can fatake sukan tsaya a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, sai da yawa suka gangaro kudu. Zongo ya cika da Hausawa, da Mosawa, da Yarbawa, da sauran mutanen arewa. Waɗansu suka bar fatauci suka shiga gonakin koko bisa tsarin da ake kira abusa, inda ake raba amfani kashi uku, mai aiki ya ɗauki kashi ɗaya.

Mai cewa baƙo kada ya saki jiki yana da hujja. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita daga Gana. Mutanen da aka haifa a Zongo suka sayar da kaya a wulakance, suka nufi ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori mutanen Gana haka nan. Wanda ya ga wannan, in ya ce zai shuka abin da zai girbe cikin wata biyu kaɗai, ba wauta ya yi ba. Itacen koko yakan yi shekara uku zuwa biyar kafin ya ba da 'ya'ya. Mai ƙasa kuma sau da yawa yakan hana ɗan haya dasa itace, gama yana tsoron itacen ya zama shaidar mallaka.

Amma a duba inda wannan tsoro yake kaiwa. Baƙo ya ƙi zuba taki domin bai san ko zai kai baɗi ba. Mai ƙasa ya ƙi yi masa alkawari domin bai amince da shi ba. Gona ta gaji, su biyun suka yi hasara. Manomin latas da kabeji a bakin rafin birni, idan ya ga ruwan ya ƙazantu ya yi shiru domin ba garinsu ba ne, ai matar da za ta saya a kasuwar Kejetia ba a rubuta ƙabilarta a goshi ba. Mai yiwuwa ma daga Zongo ta fito.

Littafi Mai Tsarki bai bar kowanne gefe da uzuri ba. A Irmiya sura 29, an umarci Yahudawan da aka kai bauta Babila su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi zaman lafiyar birnin da bai zama nasu ba. A Littafin Firistoci sura 25 kuwa, an tuna wa masu gonaki cewa ƙasa ta Allah ce, su ma baƙi ne a kanta. Sabili da haka baƙo ba shi da izinin cinye ƙasa ya wuce, mai ƙasa kuma ba shi da izinin cin guminsa ya kore shi.

A nan ne ake bukatar shugaba. Zongo yana da sarkinsa da shugabannin ƙabilu, suna kuwa da amfani. Amma a gona akan sami wani irin shugabanci wanda ba a naɗa masa rawani. Shi ne na mutumin da ya iya Hausa ya iya Twi, wanda yakan tsaya shaida sa'ad da ake ƙulla haya, ya nace a faɗi yawan shekaru a gaban jama'a. Idan mai ƙasa ya karya alkawari, ya faɗa masa. Idan ɗan'uwansa ya ɓoye buhu a lokacin rabo, ya faɗa masa shi ma. Wannan ta biyun ita ce mai wuya, ita ce kuma take sa ɗaya gefen ya yarda da shi.

Ikkilisiyoyin Adum sun san baƙunci. Ramseyer, wanda cocin Presbyterian na can yake ɗauke da sunansa, an kama shi a 1869, ya zauna a Kumasi a matsayin fursuna har 1874, sa'an nan ya komo a 1896 da ƙafarsa. Masu sujada a wurin, waɗansunsu suna da gonaki, waɗansu kuma a gonar wani suke aiki. Yawancin mutanen Zongo Musulmi ne, amma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a ƙofar coci ba. Mai bi da ya ba baƙo gona, ya ba shi da wa'adin da zai isa itace ya yi 'ya'ya. Mai bi da ya karɓi gonar aro, ya mayar da ita ta fi yadda ya same ta kyau.