Mawaƙi, Rijiyarka Ba Ta Ƙafe Ba

Ƙarfe ɗayan dare ya gota. Janareto na ta shan man da ka saya da kuɗin aljihunka. Mai kiɗa ya ɗora maka kiɗa tun bayan isha'i yana ta juyawa, har shi ma ya gaji, ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Ka rubuta baiti ka soke, ka sake rubutawa ka soke. Ga biki ranar Asabar, uwar amarya ta riga ta ba da kafin alƙalami, ta kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba. A nan ne zuciya ke fara saƙa maka maganganu: shi ke nan, basira ta gudu, ko an yi maka sammu, ko da ma can ba ka iya ba, sa'a ce kawai ta ɗauke ka.

Ɗan'uwa, kai nake wa magana. Ke ma 'yar'uwa da kike riƙe da waya kina jiran amshin da ya ƙi zuwa, har da ke. Ku kwantar da hankalinku. Duk wanda ya ɗauki waƙa sana'a, ba wasan yamma ba, sai ya kwana a wannan ɗakin. Manomi ya san fari, ɗan kasuwa ya san ranar da ba a yi ko ciniki ɗaya ba, masunci ya san jefa koma a fito da ciyawa. Ba wanda ya taɓa cewa noma ya ƙare don ruwa ya ɗauke kwana goma.

Ni dai abin da na lura da shi, yawancin toshewar basira a wajen mawaƙanmu na yau daga zaman ɗaki take. Sitidiyo ɗaki ne da aka like bangonsa da soso don kada ƙarar waje ta shigo. To, madalla ga naɗar murya. Amma ka tuna, abin da soson ya hana shigowa shi ne abincin waƙar. Ka shekara kana shiga ɗaki ɗaya, da mutum uku, kuna jin waƙoƙin juna da na abokan hamayya, kana kirga mutum nawa suka kalli ta wane a YouTube. Daga ina sabuwar magana za ta zo maka? Rijiya ta bayar, guga ne ya hana.

Dubi magabata. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntigi kawai yake riƙewa: tsirkiya ɗaya tal, a jikin ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata. Ba shi da fiyano, ba shi da kwamfuta, sau da yawa ko 'yan amshi babu. Da wannan ɗan abin ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke wucewa a tasha ba ya ko kallo, kuma har gobe ana jin ta. Me ya gani a jikin karen mota? Abin da kowa ke gani. Bambancin kawai shi ya tsaya ya duba. Auren dole, gulma, halin ɗan Adam, duk abubuwan da ake yi a zaure da tsakar gida ne ya kwaso ya mayar wa masu su a cikin waƙa.

Mamman Shata kuwa, an fi ba da labarinsa da cewa ba ya zaman shirya waƙa, da kalangu ya tashi sai ya buɗe baki. Matasa na jin wannan sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce ai baiwa ce, mu ba a ba mu ba. Baiwa ce, ba musu. Sai dai a haɗa da sauran labarin. Mutumin Musawa ya yi tallar goro da alewa tun yana saurayi, sannan ya shafe shekaru fiye da hamsin yana yawo gari-gari, yana zama da sarakuna da direbobi da manoma da 'yan kasuwa, har ya bar duniya a 1999. Rumbun da yake ɗiba nan take a gaban jama'a, kullum cikin zuba masa hatsi yake. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, labarin bai wuce shi ba, sai da kumbon Apollo ya shiga bakinsa. Wanda ya iya yi wa kumbo waƙa da kalangu, yaushe zai rasa abin faɗa?

Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwarya ta yi suna, kayan da ke kife a kowane madafi. Zancen mata na cikin gida, kishi da haihuwa da neman na kai, shi ta ɗora a kan kiɗan amada. Malam Aliyu Namangi na Zariya ko takardar ma ba ya gani, amma ya bar mana Imfiraji.

Saboda haka idan kai ya ɗaure, kashe janareton nan, man ma ya huta. Fita. Je ka Ƙofar Mata ka tsaya wajen masu bugu, ka ji yadda sanduna ke karɓa wa juna a kan shuni. Je maƙera ka ji guduma da uwar maƙera. Ka saurari luguden mata a turmi, da 'yan mata a dandalin gaɗa, da ɗan kamasho yana kiran fasinja, da yadda mai gwanjo ke jan murya. Kari ne zube a ƙasa, ba mai shi, ba wanda zai kai ka ƙara don ka ɗauka. Wayar da ke hannunka tana naɗar murya. Duk abin da ya taɓa ka, ko gunguni ne marar kalma, naɗe shi kafin ya tsere. Irin waɗannan ba sa jiran mutum ya koma gida.

Idan ka dawo, kada ka nemi waƙa gaba ɗaya. Makaɗan baka sun daɗe da raba mana aikin: akwai gindin waƙa, akwai ɗiyanta. Gindin nan layi ɗaya ne ko biyu, shi ake komawa bayan kowane ɗa. Shi kaɗai za ka nema yau. In ya kafu, ɗiya za su zo da ƙafarsu. In kuma ƙafiya ce ta shaƙe ka, ka ɗaure kanka da harafi ɗaya har kalmominsa sun ƙare, to sauya ta, ba rantsuwa ka yi ba. In kiɗan ne ya gundure ka, ce wa mai kiɗa ya rage gudu, ko ya cire komai ya bar ganga kaɗai. Wani lokacin ma ajiye kiɗan za ka yi, ka rera da tafi.

Kuma ka yarda ka rubuta baitin banza. Na san ana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wannan a fili ne, gaban jama'a. A ɗakinka, yi muguwar rawar. Mai yasar rijiya laka yake fara fitarwa, guga bayan guga, kafin ruwa mai kyau ya tsattsafo. Cika shafi uku da shirme. A shafi na huɗu za ka tsinci layin da zai sa ka miƙe tsaye. Mai soke kowane layi tun bai gama rubuta shi ba, mayar da lakar yake yi cikin rijiya.

Wani abin da zamani ya raba mu da shi shi ne taron dangi. Narambaɗa a fadar Isa, da Musa Ɗanƙwairo, ba su kaɗai suke ɗaukar waƙa ba. Jagora ya jefa magana, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, har ka kasa gane inda nasa ya tsaya nasu ya fara. Yau kowa ya ƙule shi kaɗai yana tsoron kada a sace masa fasaha. Nemi mutum biyu da ka amince da su, rera musu rabin da ka samu. Ko ba su ƙara maka kalma ba, fuskarsu za ta gaya maka inda waƙar ta yi rai da inda ta mutu.

Sai gargaɗi ɗaya, kuma ba zan sassauta shi ba. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko kwalba ya ce ita ke buɗe basira, maƙiyinka ne ko da tare kuka tashi. Mun ga muryoyi masu daɗi da suka bi ta nan ba su dawo ba. Sau tari abin da ke damunka bai wuce gajiya da yunwa da bashin barci ba. Ci abinci, kwanta, ka tashi da asuba. Bayan salla, kafin gari ya cika da hayaniya, gwada kuma.

Yanzu ɗauki wayar nan ka kira uwar amarya. Gaishe ta da kyau, ka ba ta haƙuri, sannan ka ce: Hajiya, wane suna kakar amarya ke kiran ta da shi tana ƙarama? A wace unguwa aka haife ta? Wace ce ta yi goyonta? Bar ta ta yi ta zuba, kai dai riƙe alƙalami. Asabar ba ta zo ba tukuna.