Hukuncin Tsare Inuwar Magabata

A New Bell, unguwar birnin Duwala da ta samo asali daga shirin Jamusawa na kawar da mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri a wajen 1914, wadda daga bisani ta zama masaukin baƙi, cikinsu har da fataken Hausawa masu goro da shanu, da wuya a shiga tsohon gida a rasa adaka mai hotunan magabata. Sai dai Duwala gari ne na ruwa da laima, inda takarda kan manne da 'yar'uwarta, fumfuna ta cinye fuskar alhaji ta bar rawaninsa. Saboda haka samari suka shiga ɗora hotunan nan kan na'urar sikana, ko su ɗauke su da waya, suna ajiyewa a kwamfuta. Dattijai kuwa suna tambaya ko raya surar mamaci ya halatta.

Malaman Malikiyya sun tsananta haramci a kan sura mai jiki, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, suka sassauta a kan zanen da yake shimfiɗe. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya tafi a kan cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kurum, babu koyi da halittar Ubangiji a cikinsa. Akwai malaman da suka saɓa masa, kuma taka-tsantsan ɗinsu abin girmamawa ne.

A ganina, nauyin mas'alar yana ga niyya da amana. Na'ura tana tsare kamanni, amma nasaba tana bakin tsofaffi; idan kaka ta rasu ba a tambaye ta ba, wanda yake tsaye a hoto bayan ango sanye da babbar riga ya zama baƙo a gidansa har abada. Wajibi ne, ashe, mai wannan aiki ya durƙusa gaban Inna ko Baffa, ya rubuta suna da gari da dangantaka, ya suturta hoton matan da ba su ɗauka domin idon jama'a ba, kada ya watsa shi a WhatsApp. Idan ya kiyaye wannan, aikinsa ya shiga babin sada zumunci, domin jika ba ya roƙa wa kakansa gafara da sunansa sai ya san sunan.