Labarin Gida, a Tambayi Mai Shago

A unguwar Ɗorayi da ke Kano akwai wani dattijo mai shagon kayan masarufi da awon hatsi, kowa Baba Mai Awo yake ce masa. Gero da masara da wake daga Dawanau yake saro su, sukari da taliya da madara da sabulu kuma daga kasuwar Singa. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya ɗauko ɗan ƙanwarsa daga ƙauye, ana ce masa Auta, don ya riƙa tsaya masa. Yaron akwai kaifin ƙwaƙwalwa, ba shi kuma da ɗan hali. Aibinsa guda ne: ba ya gani ya ƙyale.

Kafin shekara ta zagayo Auta ya haddace unguwar nan kaf ta hanyar cefane. Wanda ya zo bayan isha'i ya ce a ba shi Indomie biyu da ƙwai ɗaya, ba sai an tambaya ba, gwauro ne, ko kuwa uwargida ta yi yaji. Gidan da aka fara aiko yara sayen kori da kanumfari da citta da magi kala-kala, amarya ce ta fara shiga kicin. In aka auni gero aka haɗa da kanwa da barkono da masoro, an sami mai jego. Ma'aikaci kuwa, ranar da albashi ya shiga da kansa yake zuwa, ya ɗauki katon na taliya yana ɗaga murya. Wata na rabawa sai ya turo ƙaramin ɗansa, a ba shi leda ɗaya, "wai in ji Baba a rubuta."

A manyan kantunan zamani, inda mutum ke tura keken zuba kaya, kowa na iya leƙa na kowa a layin biyan kuɗi, amma kallo ne kawai a rabu, don ba wanda ya san wani. Mai shagon unguwa kuwa ya san sunanka da ƙofar gidanka da yawan bakin da kake ciyarwa. Ya san abin da ka saya jiya, ya san wanda ka tambayi kuɗinsa yau ka ajiye.

Cikin masu ciniki da Baba akwai wani tsohon shugaban makarantar firamare, wanda har bayan ya yi ritaya Hedimasta ake kiransa. Rabin magidantan layin shi ya koya musu karatu. A da, duk ƙarshen wata rabin buhun shinkafa da galan na man gyaɗa ake kai masa gida a baro. Sai ga shi kuɗin sallamarsa sun ƙi fitowa, ga kuma 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya tashi, komai na kasuwa ya bi bayansa. Zuwa farkon 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce naira dubu 70.

Rabin buhun Hedimasta ya koma kwano biyar, ya koma kwano ɗaya. Galan ya koma kwalba, kwalba ta koma ƙullin leda. Daga nan sai ya fara tambayar afafata, wato tarkacen shinkafar da masu inji ke warewa, karyayyiya mai baƙi-baƙi da tsakuwa, wadda a da masu kiwon kifi ke saye. A shekarar 2024 gidaje da yawa a Kano ita suka koma, mata su yini suna tsinta da rega kafin ta ciwu. Abin kunya ba ya cikin wannan, don kuwa halal ɗinsa mutum ya ci. Amma dattijon da ya saba bayarwa, ba ƙaramin nauyi ba ne a gare shi a ga hannunsa ya gaza.

Saboda haka ya sauya lokacin zuwa. Ana idar da sallar asuba yake biyowa, kafin layi ya cika. Baba da kansa yake tashi ya auna masa, ya tula kwanon har yana zuba, ya ƙara gwangwani guda na gyara, ya ƙulle a baƙar leda biyu. Hirarsu ba ta wuce sanyi da ciwon gwiwa. Auta yana gefe yana shara, idonsa na kan komai.

Wani dare a teburin mai shayi samari suka ɗauko gardamar gidajen da har yanzu ake cin shinkafa da miya a layin. Wani ya ce, "Ai gidan Hedimasta ba sa jin wannan tsadar, dubi yadda babbar rigarsa take shan guga."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Guga ai gawayi ne kawai. Abincin kifi suke ci, mu muke auna musu. Bashinsu ma ya cika shafi biyu."

Aka yi shewa, aka tashi. Shi a wajensa magana ta ƙare a nan.

Kwana uku tsakani yaran Islamiyya suka laƙaba wa autan Hedimasta suna, Ɗan Afafata. Yaron ya koma gida yana kuka. Tun daga ranar Hedimasta bai sake tako shagon ba. Wani mai Adaidaita Sahu ya ce yana ganinsa da sassafe can wata unguwa, a ƙafa, riƙe da leda, mutumin da gwiwa ta hana shi doguwar tsayuwa a sallah.

Baba ya jira mako guda, sannan ya bi diddigi. Mai shayi ne ya feɗe masa biri har wutsiya.

Da suka rufe shago daren nan bai ɗaga murya ba. Ya jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin benci, ya fito da wani tsohon littafin bashi da bangonsa ya cinye, ya miƙa wa Auta.

"Buɗe wajen da na naɗe. Karanta mini."

Auta ya haska da fitilar wayarsa. Sunan mahaifinsa ne a sama. A ƙasa kuwa layi-layi: dawa kwano goma, gero kwano shida, masara rabin buhu, duk a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba. Shekara huɗu a jere. Ba a soke ko layi ɗaya ba.

"Kawu, wannan yaushe ne?"

"Kana goye. Da wannan dawar aka yi kunun da aka yaye ka. Ka taɓa ji a bakin wani?"

"A'a."

"Ko mahaifiyarka, da muke ciki ɗaya, ba ta sani ba. Ubanka ya ce mata aikatau ya yi, ni kuma na bar shi a haka. Yau ma kai ka ja na buɗe, kuma zan nemi gafararsa." Ya karɓi littafin ya mayar. "Awo kowa ma ya iya, Auta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin nan bai zo wajena don shinkafata ta fi ta kowa araha ba."

Washegari bayan la'asar suka yi sallama a soron Hedimasta, Auta ɗauke da ƙaramin buhun shinkafa mai kyau. Dattijon ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Auta ya durƙusa, bakinsa na rawa, ya faɗi abin da ya yi bai rage ba.

Hedimasta ya daɗe yana dubansa. "Tashi, yaro. Na yafe maka duniya da lahira. Ai ba ƙarya ka yi ba, afafata muke ci, mun kuma gode Allah." Ya juya ga Baba. "Malam, Allah ya saka da alheri, na ga duk abin da kake yi mini, ban makance ba. Amma wannan buhun a mayar da shi. In na karɓa, gobe a teburin shayi za a ce an kai wa Hedimasta sadaka."

Baba ya yi roƙo har ya gaji. Da buhun suka dawo.

Bayan wata bakwai kuɗin sallamar suka fito. Hedimasta ya aiko babban ɗansa da kuɗi a ambulan, ya biya shafi biyun nan har sisin kwabo. Baba ya tsufa sosai yanzu, Auta ne ke riƙe da shagon, ba ya kuma zama teburin mai shayi. Suna gaisawa da Hedimasta a masallaci, ranar ɗaurin auren 'yarsa ma Auta ne ya raba goro. Sai dai har yau ko ashana gidan Hedimasta ba su ƙara saya a shagon ba.