Wane fim ya kamata yaro ya kalla?

Yau za mu yi magana a kan wata tambaya da ta shafi kowane gida. Shin ya kamata mu bar yaranmu su kalli fina-finan wasu ƙasashe?

Da can wannan zancen mutanen birni ne. Sai wanda ya je Damagaram ko Maraɗi yake ganin silima. Yanzu kuwa fim ya iso Garagumsa cikin aljihu. Saurayi ya je kasuwar Takieta, ya biya kuɗi kaɗan, a zuba masa fina-finai cikin waya. Da dare yara goma su haɗa kai bisa ƴar waya ɗaya. Uba ya yi barci, uwa ta gaji. Babu wanda ya san abin da suke gani.

Mutane sun rabu biyu. Wasu sun ce a hana gaba ɗaya, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wasu sun ce a bar yara, ai gani ya kori ji. Bari mu saurari kowa.

Masu cewa a hana suna da hujja. Wani ɗan ƙasarmu ma ya riga su faɗa. Sunansa Mustafa Alasan. An haife shi a 1942, ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015. A 1966 ya yi wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa. Suka sa manyan malafuna, suka rataya bindigogi, suka sake sunaye, suka hau dawaki. Daga nan sai sata da faɗa. Suka hana garinsu zaman lafiya. Sun ɗauki wasan da suka gani a silima, sun mai da shi gaskiya.

A 2021 kuma, wata ƴar Damagaram, A'isha Maki, ta yi fim a kan samarin unguwar Kara-Kara. Ta nuna yadda rashin aiki da rashin kulawa suka jefa su cikin wahala. Wata ƙungiyarsu ta sa wa kanta suna Hitila. A zatonsu wani jarumi ne na Amurka wanda ba a iya ka da shi. Sun ji suna, sun ga hoto. Ba su sami wanda ya gaya musu cewa shugaban Jamus ne da ya hallaka miliyoyin mutane ba.

Masu cewa a bar yara su ma suna da hujja. Yaron da ya ga yadda ake noman shinkafa a Sin, ko yadda ake kamun kifi a teku, ya ƙaru. Ya gane cewa yaron wata ƙasa ma yana jin yunwa, yana jin tsoron duhu, yana son uwarsa. Wanda ya san haka tun yana ƙarami, da wuya ya raina mutum don harshensa ko launin fatarsa. Ban da haka, hanin ma ba ya yiwuwa. In ka hana a gidanka, zai gani a gidan maƙwabci.

To, ina mafita? Mu duba yadda ake yi a bukukuwan fina-finan yara. Bikin fim taro ne na ƴan kwanaki. Ana kawo fina-finai daga ƙasashe da yawa, a nuna, a ba wanda ya fi kyau kyauta. A wani ƙaramin gari na Italiya mai suna Jifoni, ana yin irin wannan biki tun 1971, kuma yara ne alƙalai. A Barlin, babban birnin Jamus, an buɗe sashen yara a 1978. Kusa da mu, a Wagadugu, ana bikin FESPACO tun 1969. Ɗan Nijar Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautarsa a 1972. A shekarun nan an keɓe wa yara sashe a can, ana kiransa Sukaɓe, wato yara da Fillanci.

Abu biyu ake yi a waɗannan wurare. Na farko, manya suna kallon fim kafin yara su gani. Suna sheƙe shi kamar hatsi, tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe. Suna rubuta shekarun yaran da ya dace da su. Na biyu, in fim ya ƙare ba a watsewa nan da nan. Ana zama a yi magana. Yara su yi tambaya, su faɗi abin da suka fahimta.

Nan ne gajeren fim ya fi dogo amfani. Minti biyar ne, ko goma, ko sha biyar. Yaro bai gaji ba, kuma akwai sauran lokacin hira. Da yawansu zane ne mai motsi, maganar ciki kaɗan ce, don haka rashin jin harshe ba ya hana fahimta. Kada ku raina gajartarsa. Hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya a silima. Fim na minti biyar ke nan ya ƙunshi hoto 7200. Irin wannan aikin haƙuri Mustafa Alasan ya yi a 1966, da ya zana labarin wani kwaɗo mai suna Sim. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyara da fareti da alfarma. Yara suna dariya don sun ga kwaɗi. Manya suna dariya don sun gane da wa ake.

Ashe wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Haka tatsuniya take. Gajeriya ce. Kaka ce ke zaɓen wadda za ta faɗa. Gizo yana ƙarya, yana cuta, yana haɗama. Amma ba mu taso maƙaryata don mun ji labarinsa ba, domin kaka tana zaune tare da mu. In mun yi dariya inda bai dace ba, ta gyara mana.

Ga ra'ayina. Fim baƙo ne. Mu ba ma korar baƙo don ya fito daga nesa. Ba ma kuma kai shi cikin gida mu bar shi da yara mu tafi gona. A zaure ake sauke shi. A gaisa, a ji daga ina yake, a ga halinsa. Fim ɗin da aka yi da Hausa ma zai bi ta zauren nan, domin jin harshenmu ba ya mai da mugun labari nagari.

Wani zai ce: “Malam, mu talakawa ne. Babu bikin fim a Garagumsa.” Gaskiya ne. Amma abu biyun nan da ake yi a can ba sa cin ko dala. Ka karɓi wayar ka duba kafin yara su duba. Yanzu da ka iya karatu, ka karanta sunan fim ɗin. In ba ka gane ba, ka tambayi mushe na lakwal ko malaminka na yaƙi da jahilci. Ka zauna tare da su ko sau ɗaya a mako. In an gama, ka tambaye su: Wa ya yi daidai? Wa ya yi kuskure? Da kai ne, yaya za ka yi? Ka bari su amsa kafin ka faɗi taka.

Iyaye mata, wannan aikin har da ku. Ku ne kuka fi sanin abin da ke firgita yaro cikin barci. Samari masu wayoyi, ku ma ku ji tsoron Allah game da ƙannenku. Ɗa na kowa ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.