Kallon Giwa a Garin Wani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, a yau masu hali daga cikinmu in sun fita ƙasashen waje sukan ziyarci gandun giwaye, su ɗauko hoto su kawo gida. Wasu Kenya suke zuwa, inda wata ƙungiya da aka kafa a 1977 take renon marayun giwaye a Nairobi, wasu kuma Tailan. Sai ka ji ana tambaya, shin wannan tafiya halas ce?

Kallon halittar Allah don tunani abu ne da shari'a ta kwaɗaitar da shi. Dubi dabbar da take ɗaukar ciki wata 22, hancin da take tumɓuke itace da shi kuma da shi take tsintar gyaɗa. Wanda ya ga wannan zuciyarsa ba ta motsa ba, to ya binciki kansa. Amma fa da sharaɗi. A wurare da yawa, giwar da ake hawa don nishaɗi sai an raba ta da uwarta tun tana ƙarama, an ɗaure ta, an yi ta dukanta har ta saduda. Kuɗin da ka biya ka hau, shi ne ladan mai dukan. Ka kuwa san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. In kyanwa ta kai mutum wuta, ina ga giwa? Don haka kafin ka biya, tambayi yadda ake riƙon dabbobin nan.

Sai babbar tambaya. Kai da ka tsallake teku don kallon giwa, me ka yi wa dajin da ke bayan gidanka? Mu mutanen Tudun Wada da Doguwa, ga Dajin Falgore nan. Tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya ya zama gandun namun daji. Ta cikinsa kogin yake bi ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, wadda manoman rani na Kadawa da Kura suke sha daga gare ta. Yau kuwa tsaya a bakin hanyar Jos ka ƙirga buhunan gawayi. In itatuwa suka ƙare, ƙasa ta zaizaye, yashi ya cike madatsa, wa zai ji a jikinsa? Talaka ne.

Wani zai ce, "Ai keɓe daji aikin Nasara ne." Wallahi ba haka ba ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u ta zama hurumi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Hurumi tsohon abu ne a Musulunci, mu ne muka manta.

Wani kuma zai ce, "Malam, mai gawayin nan yunwa ce ta kai shi." Gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai za a tambaya ba. Za a tambayi mai motar da ke saye, da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya kau da kai, da mai kuɗin da ya hana zakka. Haka manomin da giwa ta cinye wa gona a kewayen Yankari, haƙƙi ne a kan hukuma ta dube shi.

Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Mu kuwa ta garin wani muka girmama, muka wulaƙanta abin da ke namu. In kana son kallo, ga Yankari nan a Bauchi, an keɓe ta tun 1956, har yanzu da sauran giwaye a ciki. Kai 'ya'yanka su gani, ka dawo ka dasa itace, ka hana a sa wa daji wuta don ɓera.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.