Zumunci a Ranar Da Aure Ya Mutu

Ranar biki kowa ɗan'uwa ne. Gida ya cika maƙil, a ɗinka anko, a ci a sha, a watse ana sam barka. Sai dai ma'aunin zumunci yana wata rana daban, ranar da mace za ta yi sallama a ƙofar gidansu da takardar saki a hannu, ga goyo a baya, ga wasu yaran riƙe da gefen zaninta. Ran nan take sanin ko tana da dangi.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Kano, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, ta san zafin wannan rana, don an aurar da ita tana yarinya ƙarama, auren kuma bai yi ƙarko ba. A 1990 ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya saki Rabi, ya kore ta da yaranta. Yawancin masu karatu abin da suka riƙe shi ne yadda gobara ta lashe shagon Alhaji Abdu, alhaki ya kama shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Rabi ta miƙe. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ci gaba da tarbiyyar 'ya'yanta, har ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Ta iya haka ne domin 'yan'uwa ba su juya mata baya ba.

Mu a Matamaye wannan labari ba baƙo ba ne. Hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa garinmu ta bi Ɗan Barto da Daura zuwa Kano, harshenmu ɗaya, matsalar gidajenmu ma ɗaya. Muna kuma da namu tabon da ba a littafi yake ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma mafi yawansu daga yankinmu na Kanche suka fito. Ƙasarmu ta yi makokin kwana 3.

A cikin matan nan, ba kowace ce saki ya fitar da ita ba. Talauci ne, da ƙarancin gona, da rumbun da ke ƙarewa tun damina ba ta faɗi ba. Wannan nauyi na hukuma ne, dole kuma a ci gaba da tuna mata. Amma kafin mace ta ɗauki 'ya'yanta ta hau motar hamada, ta riga ta zaga gidajen danginta a zuci, ta ga babu inda za ta sauke kayanta. A nan namu alhakin yake.

Mun iya cewa "ki yi haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma sau da yawa da ita muke sallamar mai kuka don mu huta. Zumunci na gaskiya yana da tsada. Ɗaki ne da yaya za ta share wa ƙanwarta ba tare da gori ba. Kwanon gero ne da jarin ƙuliƙuli ko na ƙosai. Zubin adashe ne da za a bar mata ta fara ɗauka. Kawu ne da zai riƙe yaro guda ya sa shi makaranta. Sama da duka, kunne ne: mace ta samu wadda za ta zauna da ita ta amayar da abin da ke cinta, ba tare da gobe ta ji zancen a bakin rijiya ba. Ciwon zuci ba ya warkewa inda ake tsoron tonon asiri.

Wani zai ce, ai ita ma lokacin da take cikin daula ba ta waiwaye mu ba. Manzon Allah (SAW) ya riga ya toshe wannan hanzari, domin ya koyar da mu cewa rama ziyara da ziyara ba shi ne sada zumunci ba. Mai sadawa shi ne wanda aka yanke masa ya ƙulla.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kowannenmu ya san wata gwaggo, ko ƙanwa, ko 'yar baffa da ke zawarci da marayu ko yaran da uba ya watsar. Kada mu jira ta zo roƙo, don mai kunya takan zaɓi wahala a kan ta miƙa hannu. Mu taka mu same ta, mu tambaye ta abin da take buƙata, mu ba da abin da Allah ya hore mana tun tana kusa.